Abin da Ka Kama, Ka San Wanda Zai Sake Shi

Ƙannena maza da mata na Bagudo da kewaye, musamman ku da kuka fara ɗanɗana rubuta manhaja, akwai abin da kuke gani kusan kullum amma ba ku ɗauke shi darasi ba. A shagon tura waƙoƙi da finafinai, ko wurin buga takardu lokacin rajistar JAMB, an gama zuba wa mutum abin da ya biya a filash, yaron shago ya nemi kwamfuta ta sallami filash ɗin, sai ta ƙi, ta ce akwai mai amfani da shi. Yaro ya rufe duk abin da idonsa ke gani, ta sake ƙi. Mai filash na tsaye, ɗan kabu-kabu na ta danna hon a waje, a ƙarshe a fizge a miƙa masa. Ba taurin kai kwamfutar take yi ba. A can cikinta akwai lambar da ke ƙirga masu riƙe da wannan filash, kuma ba ta sauko sifili ba. Wataƙila manhajar farautar bairos ce ke leƙa wani fayil, wataƙila mai haɗa ƙananan hotunan bidiyo ne bai gama ba. Muddin da sauran mai riƙo ko da ɗaya ne, ba za ta saki ba.

Fayilolin da ke lalacewa in an fizge filash, galibi don bayanan ba su gama sauka ba ne, wannan wata magana ce daban. Tawa a kan lambar nan ce, da abin da ke biyo baya ranar da ta faɗi ba daidai ba.

Tsakanin manhajar da kuke taɓawa da ƙarfen da ke ajiye bayanai akwai wata manhaja da ake kira direba. Memorin waya na da nasa, faifan kwamfuta na da nasa, filash ma haka. Mazaunin direba shi ne kanel, cibiyar babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura, inda babu shinge tsakanin wannan sashe da wancan. Ƙaramar manhaja in ta yi kuskure ita kaɗai ke mutuwa, a sake buɗe ta. Direba in ya yi kuskure, na'urar duka ke durƙushewa, ko kuma, abin da ya fi muni, ta ci gaba da aiki tana zuba shirme a inda kuka ajiye takardunku. Kada ku ɗauka labarin manyan kwamfutocin Turai ne. Duk Tecno da Itel da Infinix mai Android da ke aljihun mutanen Illo da Lolo da Kaoje, kanel ɗin Linux ne a cikinta, wanda Linus Torvalds ya fara a Helsinki a 1991, kuma da harshen C aka rubuta mafi yawansa.

Shi C ba ya share wa kowa wuri. In ka nemi gurbi a ƙwaƙwalwar na'ura, kai za ka mayar da hannunka. Da an soka filash, direba zai nemi gurbi ya ajiye ƙunshin bayanin wannan filash: girmansa, layin buƙatun da ke jira, adireshin ayyukan da za a kira in an gama karatu ko rubutu. Sai dai ba direba kaɗai ke riƙe da adireshin ƙunshin ba. Tsarin fayiloli na riƙe, manhajar da ta buɗe hoto na riƙe, buƙatar da aka tura wa ƙarfe ana jiran amsarta na riƙe, agogon da aka ɗana don ya farka in amsa ta yi jinkiri shi ma na riƙe. To wa zai mayar da gurbin, kuma yaushe?

Amsar tsohuwa ce. George Collins ya wallafa ta tun 1960: a maƙala wa kowane ƙunshi lamba, wanda ya kama ya ƙara ɗaya, wanda ya gama ya rage ɗaya, wanda ragewarsa ta kai lamba sifili shi ke da alhakin mayar da gurbi. A Linux akwai kref, wanda Greg Kroah-Hartman ya shigar a 2004, da kref_get na kamawa da kref_put na saki. A Windows akwai ObReferenceObject da ObDereferenceObject. Yaron firamare zai gane wannan lissafi, amma ya shekara sama da sittin yana kayar da gwanaye.

Ku ɗauki sito a kasuwar Tsamiya wanda 'yan kasuwa da dama suka yi tarayya a kansa. Mai sito na ba kowa mabuɗi yana jan layi a littafi, wanda ya dawo da nasa a soke layi ɗaya, ranar da layuka suka ƙare a share sito a ba wani haya. In wani ya tsallaka Segbana da mabuɗi a aljihu bai dawo ba, sito zai zauna fanko ba dama a ba kowa. Asara ce, amma kayan kowa bai taɓu ba. In kuwa mai littafi ya soke layi biyu alhali mabuɗi ɗaya aka dawo da shi, zai sa sabon ɗan haya, ga wani can yana yawo da mabuɗin da har yanzu yake buɗewa. Wannan zai zo da zuciya ɗaya ya jibge albasarsa a kan shinkafar mutane, ko ya ɗauki buhun da yake zaton nasa ne.

Na farkon shi ne yoyon ƙwaƙwalwa. Na biyun shi ne taɓa gurbi bayan an sallame shi, kuma shi nake so ku ji tsoro. Abin da ya sa yake da wuyar kamawa shi ne ba ya nuna kansa nan take. Gurbin da aka mayar yakan zauna da tsohon bayaninsa na ɗan lokaci, don haka ka gwada sau ɗari komai ya tafi lafiya. Sai ranar da aiki ya yi wa na'ura yawa, aka ba wani gurbin cikin gaggawa, sannan abu ya fashe a wani wuri mai nisa da inda aka yi kuskuren. Mugu kuwa ba ya jiran sa'a. Yana tsara abin ne yadda shi zai zama sabon mai gurbin, ya cika shi da adireshin da ya zaɓa, kanel ya zo da tsohon riƙonsa ya bi wannan adireshi yana zaton nasa ne. A 2019 Microsoft ya bayyana cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ramukan tsaron da yake toshewa duk shekara daga kurakuran ƙwaƙwalwa suke. A 2020 masu manhajar shiga intanet ta Chromium suka binciki manyan kurakuransu 912 suka sami kusan wannan adadi, rabin kurakuran ƙwaƙwalwar kuma irin wannan ne na taɓa abin da aka sallama. A Afrilun 2025 Microsoft ya toshe irinsa a direban CLFS na Windows, mai kula da fayilolin tarihin aiki, bayan masu kulle bayanan mutane don neman kuɗin fansa sun riga sun yi amfani da shi a kan wasu kamfanoni a Amurka da Saudiyya da Sifaniya da Benezuwela.

Direbobin ma'ajiya sun fi shiga wannan haɗari saboda yanayin aikinsu. Ƙarfen na iya ɓacewa ba sallama: a zare memori, kebur ya yi sako-sako, faifai ya mutu ana tsakiyar rubutu. Aikin kuma ba a gama shi a tsaye. Ka tura buƙata ka tafi, amsa ta dawo daga baya, wani lokaci a hannun wani injin sarrafawa daban, tunda ko wayar da ba ta da tsada yanzu tana da huɗu ko takwas suna aiki lokaci guda. Ɗaya na rushe ƙunshi don an zare filash, ɗaya na dawowa da amsar buƙatar da aka tura tun kafin a zare. Shi ya sa Windows ya tanadi saƙo na musamman da ake aika wa direba in an cire na'ura ba zato, da sakatar da kowace buƙata ke kamawa kafin ta shiga, ta yadda mai rushewa dole ya tsaya sai ta ƙarshe ta fito. In lissafin ya karkace har kanel ya lura, Windows zai tsaya cak, allon kuskure ya fito da lambar 0x18.

Bari in tsaya a kan labari ɗaya, don ya ƙunshi kusan duk abin da nake son faɗa. A Linux akwai direban da ake kira AoE, wanda ke ba kwamfuta damar amfani da faifan da ke jikin wata na'ura ta kebur ɗin sadarwa. Akwai aiki a cikinsa mai suna aoecmd_cfg_pkts. Yana bin katunan sadarwa ɗaya bayan ɗaya, ya kama kati da dev_hold, ya haɗa saƙo ya rubuta adireshin katin a jikinsa, ya sa saƙon a layi, sannan ya saki katin da dev_put. In ka karanta wannan aiki shi kaɗai ba za ka ga aibu ba, kamu ɗaya saki ɗaya, lissafi ya tashi daidai. Amma saƙon bai tafi ba tukuna. Yana nan a layi ɗauke da adireshin katin, yana jiran wani ma'aikaci mai suna tx ya zo ya aika shi. In aka cire katin a wannan tsakanin, lamba ta kai sifili, gurbi ya koma, tx ya zo ya taɓa abin da babu. Wannan shi ne ramin tsaron da aka yi wa rajista da lambar CVE-2023-6270.

A farkon 2024 Chun-Yi Lee na kamfanin SUSE ya gyara: ya ɗauke sakin daga wurin mai haɗa saƙo ya kai shi wurin tx, bayan an aika. Tunanin daidai ne, domin riƙo ya kamata ya bi saƙo duk inda ya je. Sai Nicolai Stange ya lura cewa ba wannan aiki kaɗai ke zuba saƙo a layin ba. Akwai mai tura karatu da rubutu, akwai mai sake turawa in amsa ba ta zo ba, akwai wasu, kuma babu wanda ke kama katin a cikinsu. Ga shi yanzu tx na saki a kan kowane saƙo. Dole aka sake wani gyara a cikin shekarar, aka sa kamu a duk waɗannan wurare, aka ba shi tasa lambar, CVE-2024-49982. Ba na kawo wannan don in rage wa kowa daraja. Mutanen nan gwanaye ne, sun yi aikinsu a fili, shi ya sa ni da ku za mu iya karantawa mu ƙaru. Abin da nake so ku ɗauka shi ne ƙirga kamu da saki a cikin aiki ɗaya ba ya wadatarwa. Adireshi ake bi. Duk inda aka ajiye adireshin ƙunshi, a layi ne, a agogo ne, a cikin wani ƙunshin ne, ka tambaya: wannan ajiyar tana da nata riƙon? Wa zai sake shi? In ka canza amsar a wuri ɗaya, ka nemo duk sauran masu shigowa ta wannan ƙofa.

Wuri na biyu da nake roƙonku ku zuba wa ido shi ne hanyar fita in abu ya ƙi. Mai koyo yakan kashe ƙarfinsa a kan hanyar da komai ke tafiya daidai, ya rubuta ta gazawa a gurguje a ƙasan shafi. Amma aikin da ya kama abu uku, ya gaza a na huɗu, dole ya saki ukun nan ta baya-baya, kuma wannan hanya ba kasafai gwaji ke bi ta kanta ba. Wasu ayyukan ma suna da halin da sai ka karanta bayaninsu za ka sani. A Linux, in device_register ya gaza, ba a yarda ka mayar da gurbin kai tsaye ba, put_device za ka kira, don lamba ta riga ta fara aiki. Shi kuma pm_runtime_get_sync, da ake kira don ta da na'ura daga barci kafin a yi mata magana, yana ƙara lamba ko da ya dawo da gazawa. Direbobi masu yawa sun ga gazawa sun fice ba su rage ba, na'urar da abin ya shafa ta kasa komawa barci, batir na tsiyaya. Kuskuren ya yawaita har a ƙarshen 2020 aka ƙara sabon aiki, pm_runtime_resume_and_get, mai ragewa da kansa in ya gaza.

Kada kuma ku raina yoyo don na ce kayan kowa bai taɓu ba. A Janairun 2016 kamfanin Perception Point ya nuna wani wuri a sashen ajiyar mabuɗan sirri na Linux inda ake kamawa ba a saki. Lambar na da iyaka, in an ƙara mata sau 4,294,967,296 sai ta zagayo sifili. Suka sa kwamfuta ta yi ta maimaita kiran, cikin kusan rabin awa lamba ta zagayo, daga nan suka sa kanel ya sallami ƙunshin da ake riƙe da shi, suka zama masu cikakken iko da na'urar. Irin wannan ne ya sa a Linux 4.11, a 2017, aka shigo da refcount_t, lambar da in ta kai ƙololuwa sai ta maƙale a can ta yi ƙara. An gwammace a yi asarar gurbi ɗaya har abada da a buɗe wa ɓarawo ƙofa, kuma a ganina zaɓin ya yi daidai. Haka in kana ɗauko ƙunshi daga jerin da wasu ma ke taɓawa, tana yiwuwa lambarsa ta kai sifili daidai lokacin da ka miƙa hannu. Don haka aka yi kref_get_unless_zero, wanda ke ƙin kama abin da an riga an fara rushewa.

Na san da yawanku yanzu kuna tambayar manhajojin ƙirƙirarriyar basira su rubuta muku kod. Ban hana ba. A Mayun 2025 Sean Heelan ya yi amfani da o3 na OpenAI ya gano kuskure a ksmbd, sashen Linux mai raba fayiloli ta hanyar sadarwa: haɗi biyu na tarayya a zama ɗaya, ɗaya ya yi sallama ya mayar da bayanin mai amfani, ɗayan na tsakiyar karanta shi. Amma shi da kansa ya bayyana cewa mafi yawan rahotannin da manhajar ta ba shi ba na gaskiya ba ne. Ya iya tsamo na gaskiyar ne don ya riga ya san ksmbd ciki da bai. Wanda bai sani ba zai ɗauki na ƙaryar ya aika wa mutane ya ɓata musu lokaci. A wannan fage kuwa suna shi ne jari. A Afrilun 2021 Greg Kroah-Hartman ya daina karɓar gyara daga Jami'ar Minnesota baki ɗaya, bayan wasu masu bincike a can sun aika gyare-gyare masu ɓoyayyen kuskure da gangan don su gwada ko za a lura. Aka koma ana bin ayyukan jami'ar na baya ɗaya bayan ɗaya, har na waɗanda ba su san hawa ba balle sauka. Kada ka aika abin da ba ka gwada ba, kada ka ce ka gwada alhali ba ka yi ba.

Ku da sana'arku gyaran waya ce ko shagon kwamfuta, kuna da naku kason. A ƙarshen 2017 na'urar gwaji ta syzbot ta gano irin wannan kuskure a binder, sashen da manhajojin Android ke magana da juna ta cikinsa. An gyara a Linux ba da jimawa ba, amma gyaran bai isa wayoyi da yawa ba. A Oktoban 2019 Maddie Stone ta Google ta bayyana cewa ana amfani da ramin a kan mutane, kuma wayoyin da ya shafa sun haɗa da Pixel 2 da Samsung S9. In sabuntawar tsaro ta zo wa wayar kwastoma, ku daina ce masa cin data ce kawai. Ku sa masa, ku gaya masa dalili.

Za ku ji ana cewa harshen Rust zai kawo ƙarshen wannan duka. Ya shiga Linux a 6.1, a Disambar 2022, kuma a cikinsa mai tace kod ne ke bin diddigin wa ke da mallakar me, saki na faruwa da kansa in mai riƙo ya fita. Google ya ce kason kurakuran ƙwaƙwalwa a ramukan tsaron Android ya sauko daga kashi 76 cikin 100 a 2019 zuwa 24 a 2024, bayan an karkata sabon rubutu zuwa harsunan da ke tsare ƙwaƙwalwa. Ku koye shi, ina goyon baya. Amma direbobin faifai da memori da ke aiki yau da C aka rubuta su, za su daɗe tare da mu, kuma wanda bai taɓa bin riƙo da hannunsa ba zai ga ƙorafin Rust kamar fitina ce kawai.

Ba sai kun jira an kai ku wata ƙasa ba. Ko kana karatu a jami'ar Aliero, ko jami'ar tarayya ta Birnin Kebbi, ko Kwalejin Waziri Umaru, ko kana gida Zagga da tsohuwar laftof ta hannu, kod ɗin Linux kyauta ne, sau ɗaya za ka sauke shi. Buɗe drivers/block/aoe, fayilolinsa kaɗan ne. Ɗauki takarda ka raba ta biyu, hagu ka rubuta duk layin da aka kama katin sadarwa, dama duk layin da aka sake shi, ka ja zare daga kowane kamu zuwa sakinsa ta kowace hanya, har da ta gazawa. Sannan ka duba tarihin fayilolin ka ga yadda suke kafin gyare-gyaren 2024, ka gwada ko takardarka za ta nuna maka giɓin. In ka gama, ka gina kanel da KASAN, wanda ke cikin Linux tun 4.0 a 2015, yana sanya alama a kan gurbin da aka sallama, in an taɓa ya faɗa maka wanda ya nema, wanda ya mayar, da wanda ya taɓa. Ka kunna shi a cikin QEMU, manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta, don kada ka lalata na'urarka, ka haɗa masa faifan gwaji, ka sa shi rubutu, ka cire faifan ana tsakiyar aiki, ka yi ta maimaitawa. In rahoto ya fito, kada ka yi saurin rubuta gyara. Ka fara rubuta wa kanka, da Hausa ma in ka so, wa ya kama, a wane layi, wa ya saki da wuri, wa ya zo daga baya. In bayanin ya tsaya da ƙafarsa, akwai get_maintainer.pl a cikin kod ɗin, zai ba ka sunan wanda ke kula da wannan sashe, ka aika masa rahoton tare da matakan da zai bi ya ga abin da idonsa.